Farin Ruwa a Akwatin Kifin Baba

Ni direba ne, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da ni a gidan gaba ya san bakina ya fi injina gudu. A shekarun nan da aka karya darajar sefa, wata tsohuwar fijo nake ja tsakanin Maraɗi da Katsina, in kwana a gida Madarumfa. Motar nan in na tayar da ita da safe, kajin unguwarmu sai su fasa yin ƙwai don firgita. Fasinja ba don lafiyarta suke shiga ba, don surutuna suke shiga. Na taɓa ba wata tsohuwa labari tun daga Ɗan Issa, har ta wuce garinsu ba ta sani ba, ta sauka a Maraɗi tana zagina tana dariya.

Babana masunci ne. Tun ban san hannun damana ba nake ganinsa yana fita tafki da gora da koma. Nakan tsokane shi cewa kifayen tafkin nan sun san tarinsa, in ya yi tari a bakin ruwa sai manya su ce wa ƙanana ku nutse, ga shi nan ya zo. Ba ya dariya, amma bai taɓa hana ni ba.

Wata safiya bayan damina abokansa masunta suka kawo shi gida a amalanke. Faɗuwa ya yi yana jan koma. A dispansar, ƙaramin asibitin garinmu, anfirmiye mai duba marasa lafiya ya ɗaura masa abin awo a dantse, ya ce tansiyo ce, wato hawan jini, ta hau ta buge shi. Ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Muka dawo da shi ɗakinsa muka kwantar.

Abin da ya fi ciwon tayar mana da hankali shi ne Baba ya rufe bakinsa. Ba wai ba ya iya haɗiya ba ne, yana iyawa. Amma in Inna ta kawo cokalin kunu sai ya datse haƙora, ya zuba wa azarar ɗaki ido. Anfirmiyen ya gaya mini a bakin ƙofa, yana ɗaure jakarsa a bayan babur: "In yana ci, zai iya daɗewa, har ma ya zauna. In ba ya ci, ba ni da allurar wannan."

In ka tambaye ni abin da na ji a lokacin, zan ce maka ban ji komai ba. Ka san yadda ƙafa take yi in ka daɗe zaune a kanta, ka tsunkule ta ka ji kamar ta wani ce? Haka cikina ya koma. Ina tashi, ina tuƙi, ina ba fasinja dariya. Bakin yana aikinsa shi kaɗai, kamar rediyon da aka manta ba a kashe ba.

A Katsina na ga akwatin. Wani mai yankan gilashin taga ne ya haɗa shi wa wani attajiri, attajirin ya fasa, ya bar masa shi a shago yana tara ƙura. Tsawonsa kamar kamu biyu, gilashi ta kowane ɓangare, sama a buɗe. Na tambayi amfaninsa, ya ce masu hali suna zuba ruwa da kifi a ciki su ajiye a falo suna kallo. Na ce kallo kawai, ba ci? Ya ce kallo kawai. Na yi dariya har da riƙe ciki, na fita, na kai bakin mota, sai na dawo na saye shi. Bai gaya mini yadda ake kula da shi ba, don shi ma bai sani ba, ni kuma ban tambaya ba. Ɗan masunci ne zai tambayi mai gilashi yadda ake riƙon kifi?

A Ɗan Issa ɗan duwan, wato kwastan na bakin iyaka, ya leƙo ya ga abu naɗe da bargo a kujerar baya, fasinja biyu sun rungume shi kamar mai jego.

"Direba, mi ne ne wannan?"

"Tele ce, shef. Hoton ne ba a zuba mata ba tukuna."

Ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, ya leƙa ciki, ya ga takalminsa ta ƙasa, ya ce in wuce kafin in haukata shi. Sunan kuwa ya bi abin har gida. Telen Baba, wato talabijin ɗinsa, haka kowa ya riƙa cewa.

Na ɗora shi a kan tebur dab da taga, daidai inda idon Baba zai sauka in an jingina shi da matashi. Na kwaso tsakuwa daga gulbi na shimfiɗa, na cika da ruwan rijiya. Abokan Baba suka kawo mini ƴaƴan karfasa da ƙananan ƙurungu a cikin tulu, da wata ƴar tarwaɗa mai gashin baki kamar tsohon soja. Wutar lantarki ba ta isa gidanmu ba, don haka na roƙi tiyon ƙarin ruwa a dispansar, na haɗa shi da famfon taya, safe da yamma in tsuguna in yi ta bugawa, kumfa na tashi a ciki don kifin su sami iska.

Da muka jingina Baba, ya daɗe idonsa na kan azara. Can sai tarwaɗar nan ta taso ta kaɗa wutsiya, hasken taga ya bugi gilashin, idonsa ya sauko. Ya bi ta hagu, ya bi ta dama. Na marmasa ɗan dusa na zuba, ƴaƴan karfasa suka taso suna caccaka, sai muka ga muƙamuƙin Baba yana motsi tare da nasu. Inna ta matso. Ta ɗebo kunu ta kai cokali bakinsa, ya buɗe, ya haɗiye, idonsa na kan kifi. Ta sake. Ranar sai da ya ga gindin kwano.

Ƙanwata ta fita tsakar gida tana kuka. Matata ta rangaɗa guɗa ta kama bakinta. Ni kuwa na ce ai dama Baba kishi ne ya kama shi, ba zai yarda karfasa ta fi shi ci ba. Aka yi dariya. Na tsaya ina jiran daɗin ya iso cikina, bai iso ba, sai na je na duba ruwan batir.

Daga ranar ƙa'idar gidan ta zama ɗaya. Baba na ganin kifi, Baba na ci. Kumatunsa suka fara cikowa. Har hannun hagu ya fara ɗagawa yana nuna wadda ta ɓuya bayan dutse.

Ba a daɗe ba, wata yamma na dawo daga hanya na tarar wata irin yana ta kwanta a saman ruwan, irin wadda kunu ke yi in ya huce, sai dai wannan tana ƙyalli kala-kala kamar baƙin mai a kan kwalta bayan an yi ruwa. Na sa yatsa, ta tsage, ta sake haɗewa. Kifayen duk sun taso sama suna buɗe baki kamar fasinjan da aka rufe wa gilashi a watan zafi. Na yi ta kwasa da ludayi, ina kwasa tana gudu. Da na gaji sai na tuna yadda muke ɗauke mai daga saman ruwa a gareji. Na yago takardar buhun siminti na shimfiɗa a saman ruwan, na ja ta a hankali ta gefe guda, ta fito da maiƙon duka. Na yi murna da kaina ƙwarai. Washegari da yamma yanar ta dawo, har ta fi ta jiya kauri, ruwan kuma ya fara dishi-dishi.

A gidanmu in abu ya yi datti wanke shi ake yi. Matata da ƙanwata suka ce in bar musu. Muka kwashe kifin a bokiti, suka fitar da akwatin tsakar gida, suka bi shi da toka da soso, suka bi da omo, suka ɗauraye har gilashin na kuka in ka shafa. Tsakuwar nan kuwa sai da suka wanke ta kamar shinkafar biki, suka shanya a rana a kan tabarma. Santsin da ke jikin duwatsun duk suka kankare shi tas. Muka zuba sabon ruwa. Ranar ruwan ya yi kyau har kana iya ƙirga gashin bakin tarwaɗa daga zaure. Baba ya ci tuwo da miyar kuɓewa mai ruwa-ruwa.

Kwana bai yi nisa ba ruwan ya koma fari. Ba dishi-dishi irin na farko ba, fari sosai, kamar an tsiyaye ƙasari a ciki. Kifi sai in ya zo ya manna hanci da gilashi kake ganin inuwarsa, ya juya ya ɓace.

Sai bayan shekaru wani fasinja da ke kiwon kifi ya gaya mini cewa santsin nan na jikin tsakuwa shi ke tace ruwan, in ka kankare shi ka zuba sabon ruwa gaba ɗaya, ruwan sai ya yi fari kafin ya sake daidaita, kuma in ka sake wankewa ka maido shi farko. A lokacin ba wanda ya san haka a Madarumfa. Mu dai mun ga fari, muka sake wankewa. Ya washe yini guda, ya sake yin fari. Muka sake. Na canza rijiya. Na ɗebo ruwan tafki a bido, wato jarka, ya zo da nasa kore. Na ɗauko ruwan famfo tun daga Maraɗi a bayan mota, ina tuƙi a hankali kamar na ɗauko amarya, fasinja na tambaya ko man fetur ya ƙare. Duk ɗaya.

Baba kuwa ya zuba wa farin ruwan ido. Yakan daɗe yana jira. In inuwa ta gifta sai bakinsa ya ɗan buɗe, Inna ta yi maza ta kai cokali, wani lokaci ta dace, wani lokaci kunun ya bi gemu. Daga kwano ya koma rabi, daga rabi ya koma abin da ba a faɗa.

Ƙanwata ta ga abin ya ƙi, ta ɗauko alif, farin dutsen nan da mata ke kaɗawa a randa don laka ta kwanta, ta kaɗa a ciki ina kan hanya. Ruwan ya ɗan washe kam. Da safe muka tsinci rabin karfasar sun juya ciki sama. Ta zauna a bakin murhu tana cewa ita ta kashe su. Na ce ta kwantar da hankalinta, ai ko sarki bai taɓa mutuwa a ruwa mai tsabtar wannan ba. Na kwashe su da ludayi ta bayan jikina don kada Baba ya gani, na watsa wa kaji.

Yanar saman kuwa ba ta fasa ba. Kullum da yamma sai na ja takarda, har buhunan simintin da maƙwabcinmu ya tara don gini suka koma tsirara. Na rasa daga inda man ke fitowa. Na zargi famfon taya, na wanke shi. Na zargi hannuna na direba, na koma wanke shi da toka har gwiwar hannu kafin in taɓa ruwan.

Ranar wata Juma'a mota ta ƙi tashi, na yini a gida. Ina tsugune ina buga famfo sai ga taubashin Baba ya yi sallama, wani tsoho siriri mai baki kamar reza, muna ce masa Baba na Gabi don can yake zaune. Tun suna yara shi da Baba ba sa haɗuwa ba su zagi juna ba.

"Kai, raggo! Har yanzu kana nan kwance kamar amarya? Tashi, kihi na can tabki suna ta shagali, sun ce mugun ya kwanta."

Idon Baba ya juyo, gefen bakinsa mai rai ya ɗan motsa.

Tsohon ya zauna, ya yi addu'a, muka shafa. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙuli-ƙuli cike da tafi. "Ga dubiyata na kawo maka, amma na san haƙoranka sun aje aiki. To bari ƴan'uwanka su ci maka." Ya miƙe ya murtsuke shi da hannu biyu a saman akwatin. Ina kallo man gyaɗa ya bazu a kan ruwan kamar an buɗe laima.

"Baba na Gabi! Mi kake yi haka?"

"Dubiya nike yi. Kai mi kake yi da famfon taya a ɗakin marar lahiya, faci za ka yi mishi?"

"Wannan shi ke ɓata ruwan!"

"Ƙuli-ƙulin matata ke ɓata ruwa? Yaro, tun ba a haife ka ba da shi muke kama kihi ni da wannan raggon."

"A tabki ke nan. Wannan tabkin ko akuya ta sa baki sai ta shanye shi."

"To ka hana akuya, ka bar ni."

Na juya wajen Inna. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, ba ta ma cika kallona in tana magana ba. Ta dubi bango ta ce, "Kowa haka yake yi."

A ranar na zauna na ga abin da ke faruwa in ina kan hanya. Ba a zuwa dubiya hannu sake, wannan kowa ya sani. Mai ƙosai ya kawo ƙosai, mai waina waina, mai fura fura. Da can in marar lafiya ba ya iya ci, sai a ajiye, mutanen gida su ci. Amma tun da labari ya bazu cewa Baba na ci in kifi na ci, sai mutane suka ga ai hanya ta samu. Kowa ya gutsura daga abin da ya kawo ya jefa musu da hannunsa, ya ce sadaka, Allah ya tashi kafaɗunsa. Kafin la'asar na ga ƙosai ya shiga, na ga dambun zogala da mansa, na ga gayan tuwo. Wata maƙwabciya ta tsiyaya fura da ludayi tana bismilla. Da na ga wani ya ciro kilishi sai na fita waje, don in na tsaya zan ga an jefa musu goro su tauna.

Na fara da lalama. Na ajiye ƙwarya kusa da tebur, na ce duk mai sadaka ya sa a nan, ni zan riƙa ba su kaɗan-kaɗan, sauran in kai wa na tafki. Aka ce to. Sai a sa a ƙwarya, sannan a ɗan gutsura a jefa a ruwan, don sadakar da ba ka ga an ci ba kamar ba ta isa ba. Na yi bayani har muryata ta dishe. Matsalar ita ce duk garin an san ni da wasa. In na ce ƙosai na kashe kifi sai a fashe da dariya, a ce direba ba ka rabo da abin dariya, a jefa.

Sai na je wurin kafinta ya yi mini murfin katako mai ƴan ramuka, na sa ƙaramin kwaɗo, na tafi da mabuɗin a aljihu. Kafin in kai Ɗan Issa labari ya riga ni. A tasha ana ce mini ga wanda ya kulle sadaka. Gwaggona, yayar Baba, ta zo tun daga ƙauye da ƙosanta a leda, ta tarar da kwaɗo, ta ajiye ledar a kan murfin ta fita ba ta sha ko ruwa ba. Ta aiko a gaya mini cewa ita ta goyi ubana, ba ta san akwai ranar da za a sa mata kwaɗo a ɗakinsa ba.

Da na dawo da yamma na sami Inna zaune a bakin gado da kwanon kunu, ya huce har ya yi tasa yanar. Ruwan akwatin na nan fari, don ko jiya mun wanke. Baba na kallonsa.

Ta yi magana tana duban kwanon. "Kai wannan. Ba ni mabuɗin."

"Inna, in an bar shi ba a zuba komai, wataƙila..."

"Wataƙila. Kun wanke, kun sake wankewa, kun kawo ruwa daga birni. Ya washe?"

"Bai washe ba."

"Kai kana da famfonka, kana da takardarka ta siminti, kana da motar da za ka shiga ka tahi. Su mi suke da shi? Mutum ya taso tun daga Gabi a ƙasa, ya zo ya ga ɗan'uwansa haka, ka ce ya zauna ya naɗe hannu ya koma? Ni ma da safe nakan ba su. Ban san wani abin da zan yi mishi ba."

Ban taɓa jin ta yi mini doguwar magana irin wannan ba. Na lalubi abin dariyar da zan faɗa, na samu har guda biyu, ban faɗa ba. Na ciro mabuɗin na ajiye a gefen tabarma, don ba na miƙa mata abu hannu da hannu.

Haka muka ci gaba. Da rana a yi sadaka, da yamma in ja takarda, in buga famfo, in abin ya yi yawa mu fitar mu wanke. Na daina tunanin ko zai yi. Ina yi ne kamar yadda nake duba taya kafin in tashi, hannu ya saba.

Na gwada wata dabara. Na kamo tarwaɗar na sa ta a kwalbar gilashi mai faɗin baki da ruwa mai kyau, na riƙe ta dab da fuskar Baba. A kwalba ba ta da wurin juyawa, ta lanƙwashe ta tsaya cik tana numfashi. Baba ya dube ta, ya dube ni. Ya karɓi cokali ɗaya, ina jin don kada in ji kunya. Sannan ya ɗaga hannun hagu da ƙyar ya ture kwalbar, ya nuna akwatin. Na mayar da ita, ta shige cikin farin ta ɓace.

Bayan wannan ko ruwa sai an ɗiga masa da auduga. Anfirmiye ya zo ya sa masa ƙarin ruwa, ya ga irin tiyonsa a cikin akwatin kifi, ya kau da kai ya ci gaba da aikinsa. Ƙasusuwan fuskar Baba suka fito. Duk da haka in an kwantar da shi ta ɓangaren bango sai ya yi ta gurnani har a juyo shi wajen akwatin. Can yake kallo yini guda, ko da abin da zai gifta.

Ina dawowa daga Katsina da rana tsaka, na wuce Ɗan Issa kaɗan, sai wani direban garinmu da ke tahowa ya yi ta kunna mini fitila. Na tsaya, ya tsaya. Ya tsallako titi, bai yi mini zagin da muka saba ba, ya cire hula ya riƙe a hannu. Na ce na gane. Ya ce in ba shi fasinjana, in juya ta hanyar gida. Na ce a'a, ai sun biya har Maraɗi. Sai da ya zare mabuɗin daga motar da kansa. Wani fasinja a baya, bai san abin da ake ciki ba, ya ce direba ƙarasa mana labarin mana. Na ƙarasa musu a tsaye a bakin titi, ana sauke kayansu. Sun yi dariya a inda ake dariya.

Aka yi wa Baba sutura kafin la'asar. Na riƙe makara, na shiga kabari na karɓe shi, ba shi da nauyi ko kaɗan. Mutane na cewa in yi haƙuri, ina cewa haƙuri ya zama dole. Baba na Gabi ya zauna a gefen zaure bai zagi kowa ba, ya yi ta share hanci da bakin rawani. Ina kallonsa ina cewa a raina, haka ya kamata in yi.

Zaman makoki a zaure da ƙofar gida aka yi shi, mata kuma a tsakar gida wajen Inna, da ta shiga takaba a ɗakinta. Ɗakin Baba aka ja ƙofarsa aka saka sakata. Abinci ya yi ta shigowa daga maƙwabta kwano-kwano, masu gaisuwa na ci. Ba wanda ya tuna da kifi. Ni na tuna, sau da yawa ma, ina zaune a tabarma ina amsa gaisuwa. Sai in ce bari wannan ayarin ya tashi in je in buga musu famfo, in ja takarda. Ayarin ya tashi, wani ya zauna, ni kuma ban motsa ba. Na ƙaddara sun mutu, na ce in an watse na kwashe.

Bayan sadakar bakwai, da safe, baƙi sun tafi, na ɗauki bokiti da ludayi na zare sakatar.

An naɗe katifar an jingine ta da bango. Hasken taga na kan tebur. Ruwan akwatin ya washe tas, irin washewar da ko ranar da muka fara zuba shi bai yi ba. Ina ganin kowace tsakuwa da launinta, wani kore-kore ya fara fitowa a jikinsu. Ina ganin bangon da ke bayan akwatin, har da wata tsaga da ban taɓa lura da ita ba. Yanar saman ta tafi, sai ɗan zobe siriri da ta bari a jikin gilashi. Ƴaƴan karfasar da suka rage suna yawo a tsakiya a hankali, ƙurungu na kife a ƙarƙashin dutse, tarwaɗar ta fito ta bi gilashin gaba daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta juyo, ta sake bi.

Na ajiye bokitin. Na zauna a kan katakon gadon, na sunkuya daidai tsayin da kan mutum zai kai in an jingina shi da matashi. Daga nan komai ana gani, har motsin bakinsu.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Na ji takun Inna a bakin ƙofa, ta tsaya da mayafinta na takaba, ba ta shigo ba. Ta daɗe tana kallon akwatin.

"Kai wannan. Mi ka zuba mishi?"

"Ban zuba komai ba, Inna."

"Wankewa ka yi?"

"Ban taɓa shi ba. Ba wanda ya taɓa shi."

Ta ƙara tsayawa kaɗan. Sannan ta ce, "To," ta juya. Na ji ta tana ce wa matata a ɗora ruwan zafi.